Shekarar da Aka Tsare Jirginmu a Kwatano

Ku duka ukun kun tashi kuna jin maganar nan a gidanmu na Birni, cewa ranar da aka kai kakanku Alhaji Modu makwancinsa, ɗansa Bukar ba ya cikin masu ɗaukar makara. Gaskiya ne, ba na nan. Ke Hadiza kina da wayo a lokacin, kin ga zaman makoki da idonki. Kai Modu kana rarrafe. Ke kuwa Zara ba a haife ki ba, amma na san labarin ya iske ki, don na taɓa jin kina tambayar uwarku a madafa, kina tsammanin na fita. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ni ma ban taɓa buɗe baki ba. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni a zaure, na ga gara ku ji daga bakina inda nake a wannan shekarar, da abin da ya riƙe ni.

Mutane kan yi dariya in aka ce ɗan Damagaram ma'aikacin jirgin ruwa ne. Garin da mata ke jera bokiti a bakin pompo tun safe har rana ta take, garin da ake leƙen ɗan ga-ruwa kamar baƙon da aka daɗe ana jira, a ce a nan aka haifi mutumin teku. Haka dai Allah ya rubuta. Na yi lakwal, wato makarantar boko, ta kanikanci, aka zaɓi wasunmu aka tura mu kudu koyon injin jirgi, daga nan rayuwata ta rabu biyu: watanni masu yawa a kan ruwa, kaɗan a gida. A shekarar da nake ba ku labari na kai matsayin mataimakin shef, wato mutum na biyu a ɗakin inji, a wani tsohon jirgi mai jigilar shinkafa da siminti tsakanin tashoshin bakin teku. Mai jirgin ban taɓa ganin fuskarsa ba. Yana wata ƙasa mai nisa, muryarsa kawai kwamandan jirgi ke ji a waya.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikina, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. A can ƙasan ɗakin injin kowane jirgi akwai rami inda duk abin da ya ɗiga ke taruwa: ruwan teku da ke tsatsowa, baƙin mai, gazuwal wato man dizal, wankin ƙarfe. In aka bar shi sai ya hau har ya cinye inji, in aka zubar da shi yadda yake sai ya ɓata teku. Shi ya sa dokar da ƙasashe suka haɗu a kanta ta wajabta wa jirgi irin namu wata na'ura da muke ce wa separater, mai raba mai da ruwa. A jikinta akwai ma'auni mai duba ruwan da ke fita. In man da ya rage a ciki ya wuce kashi goma sha biyar cikin miliyan, sai ƙararrawa ta buga, bakin bututun da ke kaiwa teku ya rufe da kansa, ruwan ya koma tanki. Akwai kuma takardar shaida, sartifika, wadda ke cewa an duba wannan na'ura da tankunan dattin mai an same su lafiya. Ana sabunta ta bayan shekara biyar, ana kuma leƙo ta kowace shekara. Jirgin da ba shi da ita, kowace tasha na da ikon hana shi tashi.

Tamu ta zo ƙarewa muna Kwatano, a farkon bazara. Ni da shef mun san na'urar ba ta da lafiya. Ma'aunin ya makance, makullin bututun kuma ya cije. Shef ya sha roƙon mai jirgi ya aiko da sabbin kaya, kullum amsar ita ce a tasha ta gaba. Saboda haka muka daina amfani da ita, muna tara ruwan a tanki, in mun sami tashar da ke karɓa mu sauke. Ranar dubawa wata mace ce ta hawo jirgin, sanye da kayan aiki da hular ƙarfe, ba ta kai ni shekaru ba. Ta gaishe mu da ladabi, ta sauka ɗakin inji ba tare da ta ji ƙyamar zafinsa ba, ta ce in kunna. Na kunna. Ta sa aka shigar da ruwa mai datti cikin ma'aunin, muka tsaya muna jiran ƙararrawa. Shiru. Ta ɗora hannu a kan bututun, ta ji ruwa na wucewa abinsa. Ta dube ni, ta dubi shef.

"Kun san da wannan?" ta tambaya da faransanci.

"Mun sani, madam," in ji shef. "Shi ya sa ba ma kunna ta."

"Na yarda da ku. Amma ba zan sa hannu ba. Jirgin nan ba zai fita ba sai an gyara."

Ban ji haushinta ba a ranar, ban kuma taɓa ji ba har yau. Aikinta ta yi. Muka sauke kayan da muka ɗauko, aka ja mu waje inda jiragen jira ke sakin anga, muna hango gari da bishiyoyin kwakwa amma ba ma iya taka ƙasa sai kwale-kwale ya zo. Kwamanda ya ce mako biyu ne, kayan gyara na hanya. Mako biyu ya zama wata, wata ya zama watanni. Waɗanda kwantiraginsu ya ƙare suka tafi ba a kawo madadinsu ba. Shef, dattijo mai ciwon zuciya, ya yanke jiki ya faɗi wata rana a kan matakala, aka kai shi asibiti a gari, daga can aka mayar da shi ƙasarsu. Muka rage mu biyar a jirgin da ke ɗaukar mutum ashirin da wani abu: kwamanda, matuƙa biyu, wani tsohon kuku mutumin Gana mai suna Kwasi, sai ni. A ɗakin inji kuwa ni kaɗai.

Ban san yadda zan kwatanta muku shirun babban jirgi da injinsa ke kashe ba. Sai ƙarar ƙaramin gurup, injin da ke ba mu kuran wato wutar lantarki, da kukan sarƙar anga in iska ta juya. Ina sauka ƙasa bayan sallar asuba, in yi ta zagaye ni ɗaya a cikin ɗakin da ya fi masallacin unguwarmu girma, ina jin takuna yana dawo mini. Wani lokaci sai in kama kaina ina yi wa pompo magana da Hausa, don ba wanda zan yi ta da shi. Ko alƙibla ba ta zama wuri ɗaya, jirgin na juyawa a kan angarsa, kowace salla sai na hau sama na duba kamfas. Babbar damuwata kuwa wani yoyo ne a inda sandar farfela ke ratsa jikin jirgi. Na ɗaure shi iyakar ƙarfina, bai daina ba. Ruwan teku na shigowa a hankali, yana haɗuwa da tsohon man da ke ramin, ya zama baƙi kamar tawada. Ba na'urar tacewa, ba izinin zubarwa. Mai jirgi ya yi alkawarin aiko da kwale-kwalen tanki ya kwashe, shi ma shiru. Aikina kullum shi ne in kwashe daga rami in kai tanki, in tankin ya cika in nemi wani da babu komai a ciki, in bar ruwan ya kwanta, in yaye man da ya taso da gwangwani in zuba a durom. In na bar shi kwana kaɗan ba kulawa, zai kai ga gurup, kuran ya ɗauke, pompo su mutu.

A haka damina ta sauka a Damagaram. Ina da ƙaramar salula, kuma akwai wani lungu a saman jirgi kusa da bututun hayaƙi inda rezo, wato layin waya, ke kamawa in an yi sa'a. Nan nake tsayawa da la'asar in kira gida. Wata rana Yaya Mustafa, baffanku, shi ya ɗauka maimakon uwarku. Tun daga sallamarsa na san akwai magana.

"Baba ya faɗi a hanyar gona, wajen Hamdara," ya ce. "An kawo shi a amalanke. Ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi."

"Innalillahi. Me likita ya ce, Yaya?"

"Likita ya ce a kai shi gida a kula da shi. Ka gane abin da ake nufi. Ka taho, Bukar."

Na ce masa zan yi ƙoƙari. Na sauko na sami kwamanda a ɗakinsa yana shan shayi, na gaya masa. Mutumin kirki ne, shi ma ya gaji, shi ma yana da iyali a wata ƙasa. Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce in rufe ƙofa. Ya ce ba shi da wanda zai riƙe ɗakin inji, matuƙan nan biyu ba su san bututu ɗaya daga wani ba, in suka buɗe wanda bai dace ba sai su nutsar da mu. Amma akwai hanya. In na haɗa tiyo daga tankunan zuwa babban pompon wanke jirgi, na fitar da komai teku lokacin da igiyar ruwa ke ja waje, tankuna za su zama wayam. Daga nan ko yaro zai iya danna maɓalli ɗaya kullum har tsawon makonni, ni kuwa in je in ga mahaifina in dawo.

"Ba umarni nake ba ka ba," in ji shi. "Kuma in an tambaye ni, ban san an yi ba. Amma uba ɗaya gare ka."

Na fito na jingina da ƙarfen gefen jirgi. A tsakaninmu da gari akwai kwale-kwalen masunta birjik, kullum suna nan, har wasu kan matso su sayar wa Kwasi kifi. Na san inda abin da ke tankunan nan zai je, don na taɓa gani a wata tasha ina saurayi: taru ya yi baƙi ƙirin, kifi na warin gazuwal ba mai saye, mata na goge ƙafafun 'ya'yansu da yashi. Tarin watanni ne a cikin jirginmu, ba ɗan kaɗan ba. Ba kuma zan ɓoye muku ba, akwai tsoro a ciki. Jirgi ɗaya ne tsararre a wajen saboda maganar mai, in aka wayi gari da baƙin shimfiɗa a kan ruwa ba sai an yi bincike ba. Kurkuku ne, da ƙwace takardar aikina, ku kuma kuna ƙanana. Har yau ban iya raba wanne ya fi nauyi a zuciyata ba, tausayin masunta ko tsoron abin da zai same ku. Abin da na sani, na koma na ce wa kwamanda ba zan haɗa tiyon ba. Na roƙe shi ya matsa wa mai jirgi ya aiko da wani makaniki ko da na mako ɗaya ne. Ya matsa, a gabana ya yi ta ɗaga murya a waya. Aka ce ana nema.

Da na gaya wa Yaya Mustafa, sai da ya bari na gama bayanin sartifika da tanki da yoyo, bai katse ni ba.

"Wato ƙarfe ya fi maka uba," ya ce.

"Yaya, ba haka ba ne. In na tafi..."

"Ni ban yi lakwal mai zurfi ba, Bukar. Na dai san ni nake juya shi, matarka ke ba shi koko a baki. Ka zauna da jirginka."

Daga ranar bai ƙara ɗaukar wayata ba. Uwarku ce ke ɗauka. Falmata ba ta taɓa cewa in taho ba, ba ta kuma taɓa cewa in zauna ba. Takan ba ni labarin ruwan sama, da gero da ya fara kai gwiwa, da haƙorin Modu da ya fito. Sau ɗaya kawai ta faɗi abin da ya hana ni cin abinci.

"Malam, ni ban san injinka ba," ta ce a hankali. "Amma duk wanda ya yi sallama a zaure, sai Baba ya juya ido wajen ƙofa."

Wata la'asar ta ce yau bakinsa ya ɗan saki, bari ta kara masa wayar a kunne. Na ji numfashinsa kafin muryarsa. Na gaishe shi, ya amsa da ƙyar, harshen ya yi nauyi. Na shiga yi masa bayani kamar yadda na yi wa Yaya, amma a taƙaice: akwai dattin mai a jirgi, ni nake tsare shi kada ya shiga ruwa.

"Ruwan nan naku," ya ce, "ana sha?"

"A'a, Baba. Gishiri ne."

"Ana ban ruwa da shi?"

"A'a."

Sai ya sake tambaya:

"To me kake tsaro?"

Na ce akwai kifi, akwai mutanen da ke ci daga gare shi. Ban sani ba ko ya ji. Ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a." Sai na ji muryar uwarku tana cewa ya gaji. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi, gero na fitar da kai. Ban sani ba sai la'asar da na hau lungun nan, lokacin har an dawo daga maƙabarta. Na sauko na yi alwala, na tsaya a kan murfin rumbun kaya na yi masa salla ni kaɗai, ba liman ba sahu. Kwasi ya hango ni daga madafa. Ba ma jin yaren juna sai 'yan kalmomi, amma ya gane. Ya kawo shinkafa da kifi ya ajiye, ya zauna nesa kaɗan da ni, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Yana nan zaune har rana ta faɗi. Shi ne kaɗai ya yi mini zaman makoki. Washegari na sauka ɗakin inji kamar kullum, don ruwan bai san an yi mutuwa ba.

Kayan gyaran sun iso bayan an yi girbi. Ashe an sayar da jirgin, sabon mai shi ne ya aiko da su, tare da kwale-kwalen tanki da sabbin ma'aikata. Ni na ɗaura sabon ma'aunin da makullin. Matar nan ta dawo, ta sake sa ruwa mai datti, ƙararrawa ta buga har sai da na toshe kunne, bututun ya rufe kansa. Ta auna tankuna, ta ga abin da aka kwashe, ta zagaya jirgin ta leƙa ruwan da ke kewaye da shi. Ta sa hannu, ta ce mini na gode, ta sauka. Ba ta san an yi mini rasuwa ba, ban kuma ga dalilin gaya mata ba. Na miƙa ɗakin inji ga wanda ya zo, na ɗauki jakata, na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Gaya, daga can Dosso, Maradi, har gida. Ban ƙara komawa teku ba. Abin da kuka tashi kuka gani, garejin gyaran pompo da gurup a Sabon Gari, bayan wannan ne.

Na shigo Birni da azahar. Ke Hadiza kika tsaya daga nesa kina kallona, kai Modu ka fashe da kuka da na miƙa hannu. Ɗakin Baba an share shi, an naɗe tabarmarsa an jingine. Dangi suka yi ta zuwa gaisuwa, kowa da ladabinsa, ba wanda ya ce mini komai, amma ina ganin abin a idanunsu. Da muka keɓe, uwarku ta gaya mini cewa a kwanakinsa na ƙarshe, in masu dubiya suka tambayi ina Bukar, sai ya ce, yana can yana gadin kifi. Wasu su yi dariya. Na tambaye ta da wace irin murya yake faɗa. Ta ce wallahi ba ta iya ganewa ba, bakin ya riga ya karkace.

Ban faɗa muku wannan don ku ɗauki ɓangarena a kan baffanku ba. Shi ya ɗauki nauyin da ya kamata mu raba, shi ya shiga kabari ya karɓi Baba, kuma har ya bar duniya bai taɓa hana ku komai ba. Mun ci gaba da gaisawa, muna haɗuwa a suna da biki, amma maganar nan ba mu sake tayar da ita ba. Abu ɗaya ya yi mini wanda ban manta ba. Washegarin isowata da safe ya turo a ce in fito. Na same shi a ƙofar gida da sandarsa. Bai ce ina za mu ba, ya wuce gaba, na bi shi a baya, muka ratsa tsakanin duwatsu har maƙabarta. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, ruwa ya daidaita kaburburan, ya kwashe itatuwan da aka kafa, ciyawa ta bushe a kai. Ya yi ta tafiya yana dubawa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. 

"Nan ne," ya ce. Sai kuma ya dubi na gefe. "Ko wannan. Wallahi Bukar, a nan wajen ne."

Na ce ba komai, Yaya. Na durƙusa a tsakanin biyun, shi ma ya durƙusa kusa da ni, muka yi wa dukansu addu'a.